Ranar da Aka Yi wa Tukubata Daɓe

Da sunan Allah nake farawa, don haka na ga malamai suna yi, ko da yake abin da zan rubuta bai kai a ɓata masa tawada ba. Karatuna bai wuce izu biyar ba. A nan malaminmu ya dube ni, ya dubi allona, ya ce wa mahaifina gara a mayar da ni bakin wuta, can na fi amfani. Tun daga ranar mutanen kasuwa suke kirana Malam, kuma na san ba don girmamawa ba ne, amma ina amsawa.

Ni mai tsire ne, ɗan mai tsire, a wata kasuwar ƙauye gabas da birni, ta wajen Gezawa, wadda ke ci ranar Laraba. Ƙasarmu gona ta haɗe da gona, ba inda za ka jefa dutse bai faɗa a shukar wani ba. Jakuna su kai itace birni, su komo da taki a mangala. Ko tokar murhu ba a zubar da ita a banza, gona ake kai ta.

Tukuba, ga wanda bai taɓa kula ba, tudu ce ta ƙasa, tsayinta zuwa gwiwa, faɗinta kamar mutum ya ware hannu biyu. A tsakiya ake hura wuta. Kewaye da wutar akwai toka da aka tara kamar gammo, kuma cikin wannan gammo ake kafa tsinkayen tsire, su karkata wajen wuta kamar tsofaffi masu jin ɗumi. Nama ba ya taɓa wuta, zafinta ne ke isa gare shi. In ya yi kusa ka zare ka ja baya, in ya yi nisa ka matso da shi. Duk sana'ar ke nan, sauran surutu ne. Kuma duk ta dogara ga tokar nan. In ta yi gari da yawa tsinke ya faɗi, in ta yi tauri ya ƙi shiga.

Tokar tukubata ba ni na fara tara ta ba, mahaifina ne. Maiƙon da ya ɗiga cikinta shekara da shekaru ya sa ta yi baƙi, ta yi danƙo. Da yatsa biyu kake tura tsinke ya tsaya cak, ko iska ta taso ba ya motsi.

Mutane suna ganin mai tsire ran kasuwa, zaune a inuwa yana barbaɗa yaji, su ce wannan ya huta. Ba sa zuwa ran Alhamis. Ran Alhamis nake komawa, kasuwa ba kowa sai ungulu da karnuka, in yi wa tukuba aikin da, da malamai sun san darajarsa, da sun buɗe masa babi a littattafansu. Tun da ba su buɗe ba, ni na buɗe. Farillan gyaran tukuba na taɓa ƙirga su bakwai, duk ina tuna su, huɗu nake yi. Ka kwashe farar tokar tsakiya, wadda wutar jiya ta bari, don ita ba ta da riƙo. Ka ɗauki sakaina ka kankare ƙonannen maiƙon da ya daskare a saman gammo, shi kaɗai, kada hannunka ya zarce, don in ka bar shi zai kama wuta ran kasuwa ya baƙanta nama, in kuma ka zurfafa ka cinye jarinka. Sa'an nan ka bi da yatsu kana tsince guntayen ƙashi da gawayi da karyayyun tsinkaye, ɗaya ɗaya, a tsugune, har gwiwoyinka su fara yi maka magana. Ka yayyafa ruwa kaɗan, ka cuɗa kamar mai kwaɓa tuwon ƙasa, ka sake tayar da gammon. Inda gefen tudun ya tsage ka liƙe da jar ƙasa. Ka rufe da tsohuwar zana, ka jibga ƙaya a kai, don kura ba ta san halal da haram ba, ta taɓa tone mini rabin tukuba tana neman inda ƙanshi ya shige. Da damina kuwa sai ka ƙara bunu, ka kuma riƙa leƙowa bayan kowane ruwa mai ƙarfi.

Shekara arba'in ina wannan. Ba zan yi muku ƙarya in ce ina jin daɗinsa ba. Ƙamshin tsire na masu saye ne, warin Alhamis nawa ne ni kaɗai.

Abin da ya sa nake jurewa shi ne wurin. Tukubata tana gindin tsamiya, a bakin hanyar shiga kasuwa, inda iska ke ɗaukar ƙanshi ta shiga da shi har rumfar masu gishiri. Fataken da suka fito daga gabas da kanwa nan suke fara sauke gajiya. Mutum bai yi niyyar cin nama ba, hancinsa ya jawo shi. Akwai wata tukubar a can bayan kasuwa, kusa da inda ake ɗaure jakuna, ta wani ƙato mai kwarin jiki, wanda iska ke kai ƙanshin namansa cikin dawa, tsuntsaye su sha. Ba mugu ba ne, yana gaishe ni da Baba, amma duk gaisuwar da zai yi idonsa yana kan tsamiyar. Al'adar mahautan kasuwarmu kuwa, tun kakanni, tukubar da ta yi kasuwa huɗu a jere ba hayaƙi, ta mutu. Sarkin fawa ya ba da wurin ga wanda ya ga dama, ko da mai ita yana raye yana kallo.

To, a wata damina, gero ya fara fid da kai, kurkunu ta fito mini a idon sawu. Wanzami ya zo ya kamo kanta, ya nemi abin da zai naɗe ta a kai, aka rasa sai tsinken tsire. Haka na kwanta a zaure, ƙafa kamar turmi, kullum ana murɗa tsinken nan kaɗan kaɗan, ni da na saba in juya nama yau ni ake juyawa. Laraba ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce, aka kuma yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta uku ta wuce. Maƙwabta masu dawowa daga kasuwa suka fara kawo mini labarin da ban tambaye su ba: an ga ƙaton nan tsaye gindin tsamiya yana auna inuwa da ido.

Matata mai daddawa ce. Mun tsufa tare, ba ta da yawan magana, aiki kuwa in ta kama ba ta san rabi ba. Ban taɓa bari ta taɓa tukubar ba, ban kuma taɓa gaya mata dalilin komai a kanta ba, don ina ganin ilmi ne mai zurfi da bai kamata a watsa shi a tsakar gida ba. Ran Juma'a ta same ni ina ta juyi a kan tabarma.

Ta ce, "Malam, ciwon ne ko tunanin?"

Na ce, "Tukubar ce. Ruwa ya kwanta a kanta mako uku. Ko an ɗauke ni an kai ni ran Laraba, ban san me zan tarar ba."

"To ai sai a gyara."

"Wa zai gyara?"

"Masu hannu."

Da ina cikin hayyacina da na zaunar da ita na karanta mata babin nan tun daga farko. Amma ƙafa tana zogi, sai kawai na ce, "A share, a tsabtace ta, ta dai zama yadda mutum zai gani ya san mai ita bai mutu ba." Wannan maganar tawa ce, ba wanda ya sa mini ita a baki. Na rubuta ta nan don kada a ce na ɓoye.

Asabar da Lahadi ban ga matata ba sai da yamma. Ta gayyato ƙanwarta daga ƙauyen gaba, wadda tun ranar da aka kawo yayarta gidana ba mu taɓa haɗuwa ba mu yi faɗan wasa ba, suka haɗa da matan unguwa. Na ga ana fita da tulu, na ga ana ɗiban ɓawon ɗorawa daga tarin da ke bayan ɗaki, wanda ba ya yankewa a gidan mai daddawa. Ban kawo komai a raina ba. Da suka dawo ran Lahadi hannayensu sun rine ja, ƙanwar ta leƙo zaure.

Ta ce, "Angon kurkunu, ana shan amarci? Ka tanadi tukwici. Abin da muka yi maka, ko ɗakin yayata ba ka yi mata irinsa ba."

Na ce, "Ke dai in kin taɓa abu ya gyaru, a ranar zan koma makaranta."

"Nemi allonka," in ji ta, ta wuce tana dariya.

Ran Laraba da hantsi aka aza ni a kan jaki, ƙafa ɗaya tana reto, tsinken kurkunu ɗaure da tsumma. Matata tana biye da ƙwaryar ƙuli-ƙuli da yaji a kai, ƙanwar da damin itace. Na biya mahauta na karɓi cinya, na zauna gindin tsamiya na yanka, na tsire nama a tsinke, na tumurmusa shi cikin garin ƙuli. Duk wannan tukubar tana rufe da zana, sabuwa fil, kuma ƙanwar ta hana a buɗe sai na gama. Sai da jama'a suka ɗan taru sa'an nan ta yaye.

Wallahi ta yi kyau. Wannan ba zan hana su ba. Sun yi mata daɓe, irin wanda mata ke yi wa ƙasan ɗaki: sun zuba tsakuwa, sun yayyafa ruwa, sun yi kwana biyu suna dukanta da madaɓi, sa'an nan suka shayar da ita makuba, ruwan jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke sa daɓe ya yi ja ya ƙafe kamar dutse. Ta kwana uku tana bushewa. Sumul, tana sheƙi, har da ɗan zane a gefe da aka yi da bakin ludayi. Gammon toka kuwa babu shi, ko alamarsa.

Sa'an nan na ɗauki tsinke ɗaya, don mutum ba ya yarda da masifa sai ya taɓa ta, na dafa shi a kai na tura. Ya karye. Nama ya gangara ƙasa, wani kare ya yi godiya.

Na ce, "Ina tokar?"

Matata ta ce, "Wace? Baƙar dattin nan?"

"Ita."

"Mangala biyu ta yi. Na kai gayaunata, na zuba wa kuɓewa. Irin wannan taki a bar shi a kasuwa?"

Na ce, "Tokar ubana ce."

Ƙanwar ta ce, "To ubanka ya ci kuɓewa bana. Kai, ji mutum! Kwana biyu muna duka har kafaɗa ta sage, ko sannu babu?"

Na dubi matata. Ta gane, tun kafin in yi bayani, daga karyewar tsinken nan ta gane.

Kafin a jima labari ya zaga kasuwa. Masu gishiri suka zo, masu tukwane suka zo, wata tsohuwa ta shafa da tafin hannu ta tambayi wa ya yi, tana da jika da za a kai ɗaki. Sarkin fawa ya iso yana dogara sanda, ƙaton nan a bayansa.

Sarkin fawa ya zagaya ta sau ɗaya. Ya ce, "Malam, tukuba ce ko wurin salla?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gyara aka yi."

"Na gani. Har ya yi yawa." Ya goge bakinsa don kada a ga dariyar. "Yau ta huɗu, ka sani."

Ƙaton ya ce, "Baba, ba don komai ba, ka huta mana. Ƙafar nan ba ta zaman kasuwa ba ce. Ni sai in riƙe wurin, duk ran da ka zo ga inuwa, ga tsinke biyu naka."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka. Inuwar ma ka ba ni ita kyauta?"

Sarkin fawa ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba zai sauya abin da ya tarar ba. In aka kira azahar akwai wuta a tukubar nan, da tsire tsaye a kanta yana gasuwa, wurin nawa ne. In babu, to babu. Ƙaton ya ce a dai lura, tsaye aka ce, ba a riƙe a hannu ba. Sarkin fawa ya ce ya ji, tsaye.

Na aika a aro fartanya. Na sara daga zaune, ta yi tsalle ta dawo kamar na sari maƙera. Ƙanwar ta tsaya a kaina ta ce duk wanda ya fasa aikin nan sai ya fara fasa ta. Ba don ita na bari ba, na ga ko an ba ni yini guda ba zan huda shi ba, ga rana tana hawa.

Matata ce ta tsuguna kusa da ni. Ta ce, "Gaya mini abin da tokar ke yi. Yau dai ka faɗa."

Ilmin da na ɓoye mata shekara talatin, cikin numfashi uku ya ƙare. Na ji kunyar ƙanƙantarsa. Ta miƙe, ta ɗauki ƙwarya biyu ta miƙa wa ƙanwarta ɗaya.

"Ki bi masu ƙosai da masu waina, duk murhun da kika gani ki roƙi toka. Ni zan ɗebo yashi a kwari."

"Ni? In zuba datti a kan daɓena?"

"Tashi," in ji yayar, da muryar da ban taɓa jin ta yi mini ba, alhamdu lillahi.

Suka yi ta jigila. Toka mai zafi, toka mai sanyi, yashi mai laima. Na narka kitsen da ke jikin cinyar a kasko na zuba, na cuɗa da hannu, na tayar da gammo a kan daɓen. Gammon ƙarya ne, na sani. Ba shi da gindi, ƙasansa santsi. Na hura wuta, na kafa tsinke goma. Da zafi ya bugi tokar ta bushe, uku suka sulale suka faɗa wuta. Na ciro su da hannu. Na sake kafawa, biyu suka faɗi baya. Ƙaton yana tsaye nesa kaɗan, ya bar tasa tukubar, yana ƙirgawa da leɓe.

Sai matata ta zauna a ƙasa, ɗaya gefen, inda hayaƙi ke bugawa. Ta ajiye ƙwaryar ruwa kusa da ita. Duk inda gammo ya fara zubewa ta yayyafa ruwa ta danne da tafin hannu, ta tallabe shi ta baya. Ba ta taɓa tsinke ba, don kada a ce an riƙe. Idonta yana zubar da ruwa, gashin hannunta yana ƙonewa, ba ta ɗaga ba. Ni ina juya nama, ita tana riƙe da ƙasa. Ƙanwar kuwa tana kai da kawowa da toka, tana zagina a kowace tafiya, wai ga abin da auren mahauci ya jawo wa gidansu.

Wani abu kuma da ban zata ba: da wuta ta ci daɓen, makubar ta fara tashi da wani wari mai ɗaci, kamar ana ƙona fata. Ya shiga naman sarai.

Da ladan ya kira azahar tsinke bakwai ne tsaye, a karkace kamar haƙoran tsohuwa, amma tsaye. Sarkin fawa ya zo, ya zare ɗaya da kansa, ya gutsura. Ya daɗe yana tauna. Na ga maƙogwaronsa yana shawara.

Ya haɗiye da kyar, ya ce, "Al'ada dai hayaƙi ta ce, da tsire a tsaye. Ba ta ce da daɗi ba." Ya miƙa wa ƙaton sauran. "Ci, ka shaida."

Ƙaton ya ci, ya tofar, ya ce, "Baba, wurinka ne. Amma wannan ko kura sai ta yi tunani." Ya koma wajen jakunansa.

Ban sayar da ko rabi ba ranar. Mu muka ci sauran, kwana uku, ba mai duban wani. Hannun matata ya yi bororo, ta shafa man shanu, ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba, don har yau ba mu daidaita a kan wanda ya kamata ya fara ba. Gayaunar kuɓewar ma ba ta tsira ba, karnukan unguwa suka bi ƙanshin maiƙo suka tone ta tas.

Masu saye sun guje ni har bayan kaka. Warin ya ƙone a hankali, sabuwar tokar ta fara shan maiƙo, amma sai da ta shekara uku kafin in kafa tsinke in juya baya ban ji tsoro ba, kuma ba ta taɓa kai ta mahaifina ba. Aikin Alhamis ya ƙaru, don gammon da ba shi da gindi kowane mako sai an sake tayar da shi daga tushe.

Alhamis ta biyu bayan abin, na tafi da gatari, da niyyar in farfasa daɓen in huta. Na kwashe tokar gefe guda, na ɗaga gatari na sara. Ya ɗan ɓantare kamar ƙumba. Na sake sarawa. Sa'an nan na tsaya ina duban sawun madaɓi a jikinsa, ɗaruruwa, kusa da kusa, ba inda aka tsallake. Ƙafata tana zogi, bayana yana zogi. Na zauna gindin tsamiya har inuwa ta juya, na mayar da tokar, na rufe, na hau jaki.

Da na isa gida matata tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka farfasa shi?"

Na ce, "Na bari sai ƙafa ta warke."

Ƙafa ta warke tun kafin a yanke dawa. Daɓen yana nan ƙarƙashin toka.